Alƙalan da Ba Wanda Ya Naɗa: Masu Ba Fayafayan Rok da Metal Maki

Ranar Juma'a, 13 ga Fabrairun 1970, wani faifan garmaho ya shiga kantunan Ingila. A jikin kwalinsa hoton wata mata ce cikin baƙaƙen kaya, tana tsaye gaban wani tsohon gini a bakin ruwa. Wanda ya ɗora masa allura ba da kiɗa yake fara cin karo ba. Ruwan sama ne ke zuba, ana tsawa daga nesa, ƙararrawar coci na bugawa a hankali. Sai can jita ta faɗo da amo uku kacal, masu nauyi, kowanne yana jan jiki kafin na bayansa ya iso. Na ukun shi ne mai tayar da tsikar jiki, domin bai sauka inda kunne ya saba ba.

Samari huɗu ne suka yi wannan aiki, dukkansu 'yan Aston, unguwar ma'aikata a birnin Birmingham: Tony Iommi mai jita, Geezer Butler mai jitar bas, Bill Ward mai ganguna, da Ozzy Osbourne mai waƙa. Sunan ƙungiyarsu Black Sabbath, kuma shi ne sunan faifan. A yini ɗaya suka naɗe shi a wani situdiyo a Landan, cikin watan Oktoban 1969, kusan yadda suka saba kaɗa shi a gidajen rawa.

Masu sharhi na manyan jaridu ba su yi masa da daɗi ba. Lester Bangs, wanda ake ji da alƙalaminsa a lokacin, ya rubuta a mujallar Rolling Stone cewa kwaikwayon ƙungiyar Cream suke yi, kuma kwaikwayon bai yi kyau ba. Shekara guda kafin nan, wani marubucin mujallar, John Mendelsohn, ya yi wa faifan farko na Led Zeppelin irin wannan wankin babban bargo. Amma yaran da ke fitowa daga masana'antu da makarantu ba su jira izinin kowa ba. Suka zaro kuɗin aljihunsu suka saya, faifan Black Sabbath ya kai mataki na 8 a jerin cinikin Birtaniya, ya kai na 23 a Amurka. Wata bakwai bayan haka, a Satumban 1970, Paranoid ya fito ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya. Da aka shekara 47, a 2017, ita dai wannan Rolling Stone ta fitar da jerin fayafayan metal 100 da suka fi kowanne, ta ɗora Paranoid a saman su duka.

Ko amo ɗaya ba a ƙara wa fayafayan ba a tsawon waɗannan shekaru. Waɗanda suka tilasta a sake shari'ar wasu alƙalai ne da ba wanda ya naɗa su, ba wanda yake biyan su: masoya da suka ɗauki biro suka riƙa rubuta abin da kunnensu ya ji, suna ba da maki, suna musu a kai. Su nake son a duba, da abin da suka gyara da abin da suka ɓata.

Abin da mai sauri ba ya ji

Iommi yana da shekara 17 yana aiki a wata masana'antar sarrafa farantan ƙarfe. A ranar da ya yi niyyar barin aikin ya rungumi kiɗa, injin ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da wanda ke bi masa. Bahago ne, saboda haka da wannan hannun yake danne tsirkiya. Ya fid da rai, har shugabansa na wurin aiki ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin da gobara ta nakasa wa yatsu biyu amma bai ajiye jita ba. Iommi ya samo robar sabulun wanke-wanke, ya narka ta, ya mulmula, ya huda da ƙarfe mai zafi har ta zauna a kan dungulmin yatsunsa, ya goge, ya manna mata fatar da ya yanko daga tsohuwar riga don kada ta zame. Tsirkiya mai kauri tana yi masa ciwo, sai ya koma ga sirara. Daga baya, a faifansu na uku, Master of Reality na 1971, ya sassauta ɗaurin tsirkiyar, sautin ya yi ƙasa, ya yi kauri, ya yi duhu. Wani babban ɓangare na amon da ake kira metal a yau daga waɗannan yatsu ya fito.

Mai sharhin jarida yana da tarin fayafayai a tebur da edita a kansa. Zai saurara sau ɗaya ko biyu, ya auna da abin da ya riga ya sani, ya wuce. Bangs ya auna Black Sabbath da Cream domin mudun da ke hannunsa ke nan. Yaron da faifai ɗaya ne ƙarfinsa a wata, shi kuwa, zai juya shi sau ɗari. Zai san inda Ward ke jinkirta bugu da gangan, zai san inda bas ke bin jita sawu da ƙafa don ƙara mata nauyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, shi ne kuma ya san inda ya fi inuwa.

Daga ina makin ya fito

Ba masoya ne suka fara auna faifai da lamba ba. Robert Christgau ya fara wani fili a jaridar Village Voice ta birnin New York a 1969, inda yake rubuta 'yan layuka a kan kowane faifai sannan ya lafta masa harafi irin na takardar sakamakon jarrabawa. Rolling Stone ta yi suna da taurari biyar. Da mujallar Kerrang! ta fito a Landan a 1981, ƙarƙashin Geoff Barton, da hoton Angus Young na AC/DC a bangonta na farko, sai ta mai da taurarin harafin K: biyar ga wanda ya ƙure, ɗaya ga wanda bai ci kuɗinsa ba. Sunan mujallar ma kwaikwayon ƙarar jita ne idan an doke ta da ƙarfi. A nan ne marubutan da suke son kiɗan tun daga zuci suka samu gidan kansu.

Ƙasa da mujallu kuma akwai wata duniyar. Matasa a Amurka, Ingila, Jamus, Brazil da ƙasashen arewacin Turai suna buga 'yan mujallunsu da keken rubutu, su yi hoton takarda, su ɗinke da kansu. A shafin baya akwai adireshi. Ka aika wa wanda ba ka taɓa gani ba kaset ta gidan waya, ya naɗo maka wani ya maido. Kowa yana da jerin abin da ya mallaka, kuma a gefen kowane suna akwai alamar ingancin sauti, domin kaset ɗin da aka kwafa daga kwafin kwafi sai ya koma shuu kamar iskar hunturu. Ta wannan hanya kaset ɗin gwaji na Metallica, No Life 'Til Leather na 1982, ya zaga ƙasashe tun ƙungiyar ba ta da kamfani. Brian Slagel, wanda ya fara sa waƙarsu a faifai a cikin tarin Metal Massacre a wannan shekarar, ma'aikacin kantin fayafayai ne a Los Angeles mai buga irin wannan 'yar mujalla.

A cikin masu wannan ɗabi'a, wanda ya fi burge ni shi ne Martin Popoff, ɗan Kanada. Tun yana yaro yake tara fayafayai, kuma a 1993 ya buga littafi da kuɗinsa, Riff Kills Man!, mai ɗauke da sharhi kusan 2,000, kowanne da makinsa daga sifili zuwa 10. A 1997 ya faɗaɗa shi ya zama The Collector's Guide to Heavy Metal, daga baya ya rarraba shi juzu'i-juzu'i bisa shekaru goma-goma. Mutum ɗaya, kunne biyu. Ban yarda da dukkan hukuncinsa ba, kuma ba na jin akwai wanda ya yarda. Amma idan ka karanta sharhinsa ɗari, ka san mutumin: ka san abin da ke faranta masa, ka san abin da ba ya jurewa. Daga nan makinsa na 7 ya zama magana mai ma'ana a wurinka, domin ka san bakin da ta fito.

Ranar da manya suka ji kunya

A Fabrairun 1989 masu ba da kyautar Grammy suka buɗe rukunin kiɗan rok mai tsauri da metal a karon farko. Metallica tana cikin 'yan takara da faifan ...And Justice for All, ta ma hau dandali ta kaɗa a daren. Da aka buɗe ambulan sai aka kira Jethro Tull, ƙungiyar da aka fi sanin jagoranta Ian Anderson da busa sarewa, kuma ba su ma halarci bikin ba. Aka yi ta ihun rashin yarda daga cikin zauren. Jethro Tull gwanaye ne a fagensu, Iommi kansa ya taɓa zama da su na ɗan lokaci a ƙarshen 1968. Laifin na masu zaɓe ne, waɗanda suka yanke hukunci a kan abin da ba sa saurara. Shekarar da ta biyo aka raba rukunin gida biyu, Metallica ta karɓi nata.

Abin lura shi ne, masoyan da suka yi ihun nan su ne kuma suka fi kowa caccakar faifan Metallica ɗin a kan aibinsa na gaskiya. Cliff Burton, mai bas na ƙungiyar, ya rasu a hatsarin mota a Suwidin ranar 27 ga Satumban 1986, watanni kaɗan bayan fitar Master of Puppets. Jason Newsted ya maye gurbinsa, amma a wajen haɗa sautin ...And Justice for All aka danne bas ɗinsa har kusan ba a jin sa. Shekara da shekaru masoya suna rubuta wannan ƙorafi, wasu har suka zauna da kwamfuta suka ɗago bas ɗin da kansu don a ji abin da aka binne. Haka aka yi a 2008 da Death Magnetic, wanda aka matse sautinsa don ya yi ƙara har yana tsagewa. Masu kunne suka gano cewa waƙoƙin da aka saka a wasan bidiyo na Guitar Hero sun fi na faifan tsabta, suka kwatanta su gefe da gefe, dubbai suka sa hannu a takardar neman a sake haɗawa. Ƙauna ce ke sa mutum irin wannan bin diddigi.

Da kowa ya samu alƙalami

Intanet ta buɗe ƙofar ga kowa. A ƙarshen shekarar 2000 aka kafa Rate Your Music, inda mutum ke ba faifai daga rabin tauraro zuwa biyar, a tara a fitar da matsakaici. A 2002 wasu 'yan Kanada biyu daga Montreal suka kafa Encyclopaedia Metallum, rumbun da a yau ƙungiyoyin da ke cikinsa sun haura 100,000, da sunayen mambobi, shekarun fitar fayafayai da sharhin masoya bisa maki ɗari. Aikin sa kai ne gaba ɗaya, kuma sai masu kula sun duba sharhi kafin ya fito. Ƙungiyar da ta buga kaset 200 a wani ƙauyen Finland ta watse, za ka same ta a can da tarihinta. Ba wata jami'a ko ma'aikata da ta yi wa wannan kiɗa irin wannan hidima.

Sai dai taron masoya ma yana kuskure, kuma nasa kuskuren yana da ƙarfin yawa. A 1996 ƙungiyar Weezer ta fitar da Pinkerton. Masu karanta Rolling Stone, ba marubutanta ba, suka zaɓe shi cikin fayafayai uku mafi muni na shekarar. Jagoran ƙungiyar, Rivers Cuomo, ya daɗe yana jin kunyar aikin. A hankali wasu matasan suka same shi, suka riƙe shi, har a 2004 mujallar ta sake masa sharhi ta ba shi taurari biyar. Jama'a ce ta kayar da shi, jama'a ce ta ɗaga shi.

Akwai kuma cutar tsaron ƙofa. A Encyclopaedia Metallum ba za ka ga Slipknot ba, ba za ka ga AC/DC ba, domin masu rumbun sun yanke cewa ba su cika sharaɗin metal ba. Suna da damar shata iyakar gonarsu. Abin da ke damuna shi ne yadda wannan hali ke gangarowa cikin maki: a ba faifai sifili ba don an same shi da rauni ba, sai don mawaƙan sun aske gashi ko sun yi kasuwa. Ƙungiyar Celtic Frost ta Suwizalan ta sha wannan a 1988 da Cold Lake, ko da yake a nan jagoranta ma ya juya wa faifan baya. St. Anger na Metallica, wanda ya fito a 2003, ya hau mataki na ɗaya a Amurka, mujallu da dama suka yaba, masoya kuwa suka yi masa ca. Suna da hujja: mai gangunansu Lars Ulrich ya kwance wayoyin da ke ƙarƙashin ƙaramar gangarsa, ta koma ƙara kamar ana dukan garwa, kuma babu inda aka bar Kirk Hammett ya ware shi kaɗai ya baje kolin jitarsa. Amma cikin dubban da suka ba shi rabin tauraro, nawa ne suka saurare shi daga farko har ƙarshe? Da yawa sun tarar ana jifa ne suka ɗauki dutse. Faifan na mutane ne da gidansu ke neman rushewa, mawaƙinsu James Hetfield bai daɗe da fitowa daga asibitin masu fama da shaye-shaye ba, kuma ana jin wannan a cikinsa. Ba na son faifan har yau. Sharhin da zai ce mini ga dalilin munin nan, ga kuma gaskiyar da ke cikinsa, shi nake nema, kuma da wuya ake samun sa.

Littafina

Ni ma ina da nawa. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, na ja layi huɗu a kowane shafi: suna, shekara, maki, da dalili. Layin dalilin ya fi sauran faɗi. Da na fara jin Master of Reality, ta wata 'yar waya ce mai siririyar murya, na rubuta masa 6, na ce laka ce kawai. Bayan shekaru na ji shi a ɗakin wani abokina mai gyaran rediyo, ta manyan lasifika biyu da ya haɗa da hannunsa. Da jitar ta shigo sai na ji ta a ƙirjina kafin kunnena, gilashin tagar yana rawa. Duk abin da Iommi ya gina a ƙasan sautin, wayar ta yanke shi ta zubar. Na dawo gida ban goge 6 ɗin ba. Na ja masa layi ɗaya, na rubuta 9 a gefensa, da kwanan wata da inda na ji shi. Tun daga ranar, duk sharhin da bai gaya mini sau nawa mai shi ya saurara ba, da kuma ta me ya saurara, ina karɓar sa da hannu ɗaya.

A layin dalilin nan nake rubuta abin da lamba ba ta ɗauka. Wannan kiɗa yana cike da hotunan mutuwa, ƙwarangwal da ambaton Shaiɗan, kuma mai karatu yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya a kai. Wani abin tsoratarwa ne irin na fim, domin Black Sabbath ma daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka aro sunansu, kuma Butler da ke rubuta yawancin baitocinsu ya tashi a gidan Katolika masu riƙo da addini. Waƙarsu War Pigs tsinuwa ce ga masu tura 'ya'yan talakawa yaƙi suna zaune a gida. Wani kuwa da gaske yake, akwai masu izgili ga addini da masu wa'azin ƙiyayyar launin fata. Irin waɗannan ba na ba su maki komai gwanintar hannunsu, ina rubuta dalili in rufe shafin. Mai sharhin da ya haɗa kashi biyun nan ya yi musu kuɗin goro, ko don ya wanke su duka ko don ya la'ance su duka, bai yi wa mai karatunsa adalci ba.

Hanyar da kaset ya bi a 1982 ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Mdou Moctar, Buzu daga yankin Tawa a Nijar, shi ma bahago, ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon sarrafa murya irin na waƙoƙin fina-finan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na Sahel Sounds, ya ji ɗaya ya shiga neman mai ita. Da Afrique Victime ya fito a 2021 ƙarƙashin kamfanin Matador, masu sharhin rok na Turai da Amurka suka yi ta yabo. Direbobi da matasan da suka riƙa tura wa juna waƙoƙinsa sun riga su yanke wannan hukunci da fiye da shekara goma.

Ranar 5 ga Yulin 2025, mutum huɗun nan na Aston suka sake haɗuwa a filin ƙwallo na Villa Park, tafiyar ƙafa daga titunan da suka girma. Metallica, Slayer da wasu da dama suka kaɗa kafin su. Ozzy, wanda cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa, a zaune ya yi waƙa a kan baƙar kujera. Ranar 22 ga watan ya rasu yana da shekara 76. A kan titin Broad Street akwai wata gada bisa magudanar ruwa da birnin ya raɗa wa sunan ƙungiyar, da benci mai ɗauke da fuskokinsu huɗu. A makon furanni suka rufe bencin har ba a ganin sa, da riguna, da kwalayen fayafayai, da takardu rubutattu da hannu. Da aka zo wucewa da gawarsa ranar 30 ga Yuli, motar ta tsaya a nan, matarsa Sharon da 'ya'yansu suka sauko suka ajiye nasu furannin, suka ɗan tsaya suna duba abin da mutane suka rubuta.